Alƙalamin da Alaramma Ya Ƙwace

A unguwar Limawa akwai wani mahaddaci, Malam Maharazu. Rubutunsa abin kallo ne, sai dai zuciyarsa a kusa take, kuma yana alfahari da ƙarancin barci, kai ka ce gasa aka sa.

Ya yi wa mahaifinsa, Alaramma Ɗanmusa, alkawarin zai rubuta Alƙur'ani da ka, ya kai masa garin Buji ya duba kafin idonsa ya gama dushewa. Sai ya daina ƙailula, ya yanke barcin dare, ya koma wa goro da shayi mai kauri.

Ba a yi wata biyu ba hannu ya fara rawa. In ya tsallake aya, matarsa Safina ce za ta sha faɗa, wai motsinta ne ya ɗauke masa hankali. Ƙirjinsa ya yi nauyi, abinci ya fita ransa. Wata safiya surar da ya haddace tun yana yaro ta ɓace masa ɗungurungum. Ya zauna ya yi ta kuka, abin tausayi.

Ya kwashi shafukan ya tafi Buji. Tsohon ya kai su dab da ido, ya daɗe yana dubawa, ya ga yadda rubutun ya lalace, sannan ya karɓe alƙalamin ɗansa ya jefa aljihu. Ya umarce shi ya ga likita, ya riƙa kwanciya bayan isha'i, in ransa ya ɓaci ya tashi ya yi alwala, ya kuma ba Safina haƙuri.

"Baba, idonka fa?" in ji Maharazu.

"Ido na Allah ne. Kai nake tsoron rasawa."

Maharazu ya bi umarnin, ba don yana so ba. Sannu a hankali barci ya dawo, hadda ta biyo shi, gida ya yi sanyi. Da ya warware, tsohon ya mayar masa da alƙalaminsa.

Aikin ya ci shekara biyu, kafin nan idon Alaramma ya rufe. Maharazu ya riƙa karanta masa abin da ya rubuta, tsohon yana bi da ka, har suka sauke babu gyara ko ɗaya. Alaramma ya shafa takardun, ya lalubo kan ɗansa ya dafa, ya ce, "Na gani."

Darasin shi ne, barci ba lalaci ba ne, kuma danne fushi abu ne da ake koya. Wanda ya hana jikinsa hutu yana iya rasa natsuwar da zai yi aikin alherin da ita.