Allo Uku, Ƙofa Biyu

Akwai wani abu da ya faru a ofishin wata ƙungiyar manoman rani da ke ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo. Ya fara ne ranar wata Talata da ƙarfe goma na safe, lokacin da wani matashi mai suna Zayyanu ya sauke kwali uku daga bayan babur a ƙofar ofishin.

Zayyanu ɗan Wurno ne, daga gidan malamai da ma'aikata. Ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, ƙungiyar ta ɗauke shi aiki, kuma ya iya aikinsa, wannan ba a musu. Matsalarsa ita ce idan ya yi magana, ba ya son kowa ya ɗora wata a kai.

Ƙungiyar tana raba ruwa ga gonaki ta ƙofofi uku. Manoma suna kiransu da sunan itacen da ke kusa da kowace: ƙofar Gawo, ƙofar Tsamiya da ƙofar Marke. Gawo da Tsamiya suna kusa da babbar hanyar ruwa. Marke ce can ƙarshe, tafiya mai nisa a kan babur.

A kowace ƙofa akwai wani ƙarfe da aka kafa cikin ruwa, an ja masa jan layi. Idan ruwa ya kai layin, gonakin wannan ɓangaren sun samu rabonsu. Da can, Attahiru mai buɗe ruwa shi ke zagayawa ya duba da idonsa. Daga baya ƙungiya ta kafa kyamara mai aiki da sola a kowace ƙofa, don a riƙa gani daga ofis.

Akwai kuma wata doka da aka yi bayan an sha rigima a kan son kai. Attahiru ba zai saki ruwa a kan maganar kowane manomi ba, ko da ɗan'uwansa ne. Sai ofis ya kira shi.

A cikin kwalayen da Zayyanu ya kawo akwai allon kwamfuta guda uku. Nufinsa kowace ƙofa ta samu allonta, duk daga kwamfuta ɗaya. A cikin kwamfutar akwai katin da ke fitar da hoto zuwa allo, kuma katin yana da baki uku a baya. Biyu iri ɗaya ne, na ukun kuwa siffarsa daban.

Ya haɗa allo na farko, ya ɗora hoton Gawo. Ya haɗa na biyu, ya ɗora hoton Tsamiya. Da ya zo kan na uku, sai wayarsa ta ƙi shiga bakin da ya rage. Ya zagaya kasuwar Goronyo bai samu irin wayar ba. Abin da ya samu shi ne wata guntuwar waya mai kai ɗaya da baki biyu.

Ya saya, ya dawo, ya zare allo na biyu, ya haɗa shi tare da na uku a kan wannan guntuwar waya. Yana kunnawa sai allo na uku ya kawo hoton ƙofa da ruwa. Bai tsaya duba komai ba. Ya yanki takarda ya rubuta Marke, ya manna a jikin allon.

Maginin da ya gina ƙofofin nan uku mutum ɗaya ne, fenti ma iri ɗaya. Kyamarorin kuma ƙasa suke kallo, ba sa nuna itace ko gona, sai ƙofa da ƙarfe da ruwa. Don haka babu wanda ya ga wani abin mamaki.

A ranar Zayyanu ya ce wa Attahiru ya huta da wahalar zuwa Marke, yanzu daga kan kujera za a ga komai.

Ƙofar Marke tana samun ruwa ranar Alhamis da Litinin. Da Alhamis ta zo, Zayyanu ya dubi allo na uku, ya ga ruwa a kan jan layi. Ya kira Attahiru ya ce kada ya saki, Marke a cike take. Ranar Litinin ma haka.

Da yammacin Litinin ɗin wani dattijo mai suna Maiturare ya zo ofis. Manomin albasa ne daga wajen Giyawa, kuma gonarsa ita ce ta ƙarshe a ɓangaren Marke. Bai daɗe da gama dashe ba, fangali arba'in, kuma daga wannan albasar iyalinsa ke ci har damina.

Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya gaisa da kowa. Sannan ya ce, "Malam Zayyanu, ruwa ba su iso muna ba. Yau kwana bakwai."

Zayyanu bai tashi ba. Ya juya kujerarsa ya nuna allo na uku da biro.

"Baba, mi kaka gani nan? Wanga ba ruwa ba na? Ga su har bisa layi."

Maiturare ya matso, ya ƙura wa allon ido. Ya ce shi ma ya ga ruwa a nan, amma daga can ya fito da ƙafarsa, kuma awaki ne ke yawo cikin hanyar ruwan.

Zayyanu ya yi dariya. Ya ce ya san halin manoma, kowa so yake a ƙara masa fiye da rabonsa. Ya ce wataƙila wani maƙwabcinsa ne ya datse ruwan a tsakani, ya je su sasanta, na'ura dai ba ta ƙarya.

Dattijon ya ce, "To, ɗana. Ni dai albasata ba ta kallon talabijin." Ya sa takalminsa ya fita.

Duk wannan a gaban Malama Uwaliya aka yi. Ita ce sakatariyar ƙungiyar, 'yar Rabah, mace mai yin abu a hankali. Ta taɓa yin ɗan gajeren kwas na kwamfuta shekarun baya, amma ba ta cika faɗa ba. Ta san Maiturare shekara goma sha ɗaya, kuma bai taɓa zuwa ofis da ƙorafi ba.

Washegari da safe ta jawo kujera ta zauna gaban allunan, tana kallo kawai. Bayan kamar minti ashirin sai wata balbela ta sauka a kan ƙofar da ke allo na biyu. A daidai lokacin wata ta sauka a allo na uku, wuri ɗaya, tsayuwa ɗaya. Suka tashi tare.

Ta kama linzamin kwamfutar ta ja 'yar kibiyar daga allo na farko zuwa na biyu. Sai kibiyar ta fito a na biyu da na uku lokaci guda.

Da Zayyanu ya iso, ta jira har suka rage su biyu, don kada ta kunyata shi. Ta faɗa masa abin da ta gani, ta roƙe shi ya sake duba haɗin.

Ya ce, "Inna Uwaliya, balbela nawa ag ga fadamar ga? Don Allah ki tsaya ga rajistarki. Wanga aiki sai wanda yak karanta shi."

Ba ta yi gardama ba. Ta ɗauko ɗan littafin da ya zo cikin kwalin katin, wanda babu wanda ya buɗe, ta karanta shi shafi bayan shafi. A ciki an bayyana cewa kowane allo yana buƙatar bakinsa da wayarsa. Waya mai baki biyu ba ta ƙara allo, hoto ɗaya take rabawa gida biyu.

Ta kira shugaban ƙungiya, Alhaji Maccido, ta ce masa akwai abin da ya kamata ya gani da idonsa. Yana Sakkwato a ranar, ya ce zai shigo da safe.

Ranar Laraba da ƙarfe tara Alhaji Maccido ya iso. Bai daɗe da zama ba sai ga Maiturare. Wannan karon bai yi dogon bayani ba. Ya kwance bakin rigarsa ya zuba wasu 'ya'yan albasa a kan tebur. Ganyen ya yi rawaya ya kwanta, saiwar ta bushe kamar zare.

Zayyanu ya fara maimaita maganarsa ta ranar Litinin. Malama Uwaliya ta nemi izinin Alhaji ta yi waya ɗaya. Ta kira Attahiru ta tambaye shi inda yake. Ya ce yana kusa da ƙofar Tsamiya. Ta ce ya je ya tsaya a kan ƙofar, inda kyamara za ta kama shi, ya ɗaga hularsa.

Suka jira. Can sai ga ƙafafun Attahiru, sannan shi kansa ya durƙuso yana kaɗa hula. Ya fito a allo na biyu. Ya fito kuma a allo na uku, wanda aka manna wa takarda mai sunan Marke.

Alhaji Maccido ya karɓi wayar ya ce, "Attahiru, kana ina yanzu?"

"Tsamiya, Alhaji."

"To mu nan mun gan ka Tsamiya, mun gan ka Marke."

Attahiru ya ce in dai ya zama mutum biyu, to a gaya wa gida a riƙa zuba masa tuwon mutum biyu. Alhaji bai yi dariya ba.

Malama Uwaliya ta zauna gaban kwamfutar. Ta nemo hoton kyamara ta uku, wanda tun ranar farko yake ɓoye a bayan hoton Gawo, babu wanda ya buɗe shi. Ta fito da shi a kan allo na farko.

Ƙofar Marke ta bayyana. Babu ruwa ko kaɗan. Laka ta tsattsage, ƙarfen yana tsaye a fili, jan layin yana can sama.

Zayyanu ya dubi allon, ya dubi albasar da ke kan tebur, ya sunkuyar da kai. Alhaji ya umarci Attahiru ya saki ruwan Marke nan take, kuma kada ya rufe sai shi da kansa ya kira.

Maiturare ya tattara albasarsa ya mayar cikin riga. Zayyanu ya taso ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, ka yahe mani. Ni nay yi kure."

Dattijon ya ce, "Kuren waya ba komi na ba, ɗana, kowa na yi. Amma na zo da ƙahwata na hwaɗa maka, kac ce ƙarya nika yi. Wannan shi yay yi man ciwo." Ya ce ya yafe, sannan ya yi sauri ya hau babur ɗin da ya kawo shi don ya riga ruwan isa gona.

A ranar aka aika Sakkwato aka sayo wayar da ta dace da baki na uku. Wani direban mota ya kawo ta ranar Juma'a da safe. Alhaji ya ce Malama Uwaliya ta yi haɗin, Zayyanu ya riƙe mata littafi.

Ta kashe kwamfutar. Ta cire guntuwar wayar nan mai baki biyu ta jefa cikin aljihun tebur. Ta sa kowane allo a bakinsa, duka ukun a jikin katin hoto, ba a wasu bakuna na kwamfutar kanta da ke sama da katin ba. Da ta kunna, ta shiga wurin saiti ta danna inda ke sa kowane allo ya nuna lambarsa. Ɗaya, biyu, uku suka fito. Ta zaɓi kowane allo ya tsaya da kansa, kada ya kwaikwayi na kusa da shi. Sannan ta ja hoton kowace ƙofa zuwa allonta.

Ba ta manna takarda ba tukuna. Ta sa Attahiru ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa gaban kowace kyamara. Aikin ya ɗauki kusan awa biyu saboda nisan Marke. Sai da ya fito a kowane allo shi kaɗai sannan ta rubuta sunayen.

A taron ƙungiya na ƙarshen wata aka ɗora kula da allunan a hannun Malama Uwaliya. Aka kuma ƙara doka cewa duk manomin da ya kawo ƙorafin ruwa, sai an tura mutum ya gano da ido a ranar. Zayyanu bai rasa aikinsa ba, amma shi aka ba wannan zuwan.

Ya yi ƙoƙarin nemo wa Maiturare irin dashe a Wurno. Ya samu kaɗan, sai dai irin ya riga ya tsufa, da aka dasa bai kama ba.

Cikin fangali arba'in na Maiturare, ashirin da bakwai suka farfaɗo. Sha uku suka mutu, kuma haka wurinsu ya zauna babu komai har aka cire albasa.

Darasi: Ilimi da na'ura suna taimako, amma ba su hana mutum yin kuskure. Idan wanda abin ya shafa ya zo ya ce maka ga abin da ke faruwa, kada ka raina shi don bai yi irin karatunka ba. Ka saurara, ka tashi ka duba, ka gwada aikinka kafin ka dogara da shi, domin kuskuren da ka yi a kan kujera wani ne zai ɗauke shi a gonarsa. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokan aiki, musamman waɗanda aka damƙa wa hakkin jama'a a hannu.