Kekunan da Suka Jira Addu'a

Akwai wani dattijon ikkilisiya da kowa ke kira Baba Tsari, domin ba ya buɗe baki sai ya ce "komai da tsarinsa." Shi ke riƙe da makullin ɗakin ajiya na coci, a wuya yake rataye shi kamar lambar yabo.

Wata Lahadi fasto ya yi wa'azi mai zafi a kan haƙƙin gwauraye da marayu. Matan zumunta suka ce ba za su tsaya a kan "amin" ba. Mai kaza ta sayar, mai zani ta sayar, har aka sayo kekunan ɗinki domin matan da mazajensu suka rasu su sami sana'a.

A cocin nan ba a taɓa sabon abu sai an keɓe shi da addu'a. Fasto ya ce a yi addu'ar nan take. Baba Tsari ya miƙe.

"A'a, Fasto. Abu irin wannan ai sai babban baƙo. Shugaba za mu gayyato daga hedikwata, a yi taro, a ɗauki hoto. Komai da tsarinsa."

Aka kai kekunan ɗakin ajiya, aka lulluɓe su da tsohon labule, ya kulle.

Cikin masu jira akwai Maman 'Yan Biyu. Mijinta direba ne, hatsari ya ɗauke shi. Ta iya ɗinki tun tana budurwa, keke ne ba ta da shi. Wani mai makaranta a unguwar ya ce zai ba ta ɗinkin kayan ɗalibai in za ta gama kafin a dawo hutu, kuma 'yan biyunta su yi karatu a wurinsa kyauta.

Bayan sujada ta tari Baba Tsari a baranda, ta durƙusa.

"Baba, don Allah a ba ni keke ɗaya. Ko a nan ne in riƙa ɗinki, da yamma in mayar."

"'Yata, kin taɓa ganin an sa hannu a abinci ba a yi addu'a ba?"

"To Baba, ai kai ma dattijo ne. Ɗora hannu ka yi mana."

"In na ɗora hannu, shi shugaba in ya zo ya ɗora me? Ƙafa?"

Ya yi dariya, na kusa da shi suka taya shi.

Ta je wurin fasto. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama, kin san halin Baba. Ubangiji zai buɗe hanya."

Ta ce, "Fasto, Ubangiji ya riga ya yi nasa. Ga kekunan can. Makullin ne ke wuyan mutum."

Shugaba kuwa bai zo ba. Yau yana taro, gobe ya yi tafiya. Damina ta sauka, kwanon ɗakin ajiya yana yoyo daidai kan labulen. Ba wanda ya sani, domin mutum ɗaya ke iya buɗe ɗakin, shi kuma ya rantse ba mai leƙawa sai ranar taro.

Aka dawo hutu. Mai makaranta ya ba wani tela aikin. 'Yan biyu suka zauna a gida, uwarsu ta shiga fasa dutse a bayan gari. Can ne tsakuwa ta yi tsalle ta same ta a ido.

Daga ƙarshe shugaba ya zo. Mawaƙa suka yi waƙa, aka fito da kekunan gaban bagade, aka yaye labule.

Tsatsa ta cinye su, ja wur. Teburansu sun kumbura sun tsage. Baba Tsari ya zauna zai nuna wa baƙo, ya taka, ya sake takawa da ƙarfi, keke ko motsi.

Shugaba ya tambaya, "Ina matan da aka saya wa?"

Maman 'Yan Biyu ta miƙe daga bencin baya, auduga manne a idonta na dama.

Baba Tsari ya share gumi ya ce, "Zo, 'yata, zauna a ɗauki hoto. Za a gyara, za a gyara."

Ba ta matso ba. Ta ce, "Ko an gyara, Baba, yanzu ba na ganin kafar allura."

Ta kama hannun 'ya'yanta ta fita.

An karɓi makullin daga wuyan Baba Tsari, aka ce an yafe, a manta. Ban yarda ba. Karɓar makulli ba ramuwa ba ce. Shi da duk wanda ya taya shi dariya, da faston da ya yi shiru, su gyara kekunan nan da guminsu, su kai matar nan asibiti, su mayar da yaran nan aji. Bayan haka a zo a yi maganar gafara.

Darasi: Addu'ar da ta tsare wa mabukaci abincinsa ba ibada ba ce, neman suna ne. In an ba ka riƙon abin talakawa, ka miƙa musu yau. Ku tura wannan ga duk mai riƙe da makulli a cocinku, ya je ya buɗe ɗakin ajiya ya duba.