Harsashin da Anacleto Ya Tono

Anacleto Insfrán makiyayi ne a dajin Chaco na ƙasar Paraguay, kuma a duk yankin babu wanda ya kai shi taurin kai. In ka ce masa ga hanya, to daji zai bi, don kawai kada a ce ya ji maganarka. Abin da ya fi ji da shi a duniya shi ne tsohuwar bindigar da kakansa ya dawo da ita daga yaƙin da ƙasarsu ta yi da Bolivia. Ko matarsa Serafina ba ta isa ta share mata ƙura ba.

A shekarar da fari ya cinye masa rabin garke, sai ga damisa ta saba da shingensa. Ta ɗauki maraƙi, ta dawo ta ɗauki wani, har ya rage saura ɗaya tal, 'yar maraƙa ja wadda a kanta suka ɗora begen sake tara garke.

Harsashi kuwa ya ƙare masa. Amma mutanen wajen sun san inda ake samu: tsofaffin ramukan yaƙi suna nan cikin ƙaya, in ka tona ba ka rasa abin da sojoji suka bari. Anacleto ya tono gwangwani guda cike da harsasai, duk sun yi kore. Ya zauna gindin bishiya yana goge su da toka da lemun tsami har suka ɗau ƙyalli.

A haka amininsa Don Hilarión, mai gyaran bindiga, ya same shi. Serafina ta kawo musu tereré, shayin ganye mai sanyi, suna sha suna miƙa wa juna ƙoƙon.

"Aminina, me kake yi da waɗannan gawarwakin?" in ji Hilarión.

"Abincin bindigata ne. Tare suka je yaƙi, sun san juna."

"Bayansu ka goge, cikinsu fa? Albarushin nan ya girmi ubanka, ya sha damina ya sha rani a ƙarƙashin ƙasa. Wani ba zai tashi ba, wani sai ya ga dama. Ba ni bindigar in duba ta, in kawo maka sabon harsashi daidai bakinta ranar kasuwa."

"Ranar kasuwa! Damisar ce ta ce maka za ta jira kasuwa?"

"To ka kwana da maraƙar a ɗaki mana, maigida," in ji Serafina. "Ni na yarda in share kashinta."

Anacleto ya yi tsaki. "Jikan soja ya ɓoye maraƙa a ƙarƙashin gado? Allah ya kiyaye! Ku dai tsoro ya gama da ku."

Hilarión ya miƙe yana kaɗa hula. "Tunda ba ka ji, riƙe wannan ɗaya. In ka danna kunama ka ji shiru, kada ka buɗe ta. Bar bakinta a gaba, ka jira."

"Ka koya wa jikokinka," in ji Anacleto, ko kallonsa bai yi ba.

Washegari da hantsi karnukan Anacleto suka ɗau sawu, suka kora damisar kan wata bishiya a bakin busasshen rafi. Ga ta nan kwance a reshe, kusa ƙwarai, ko makaho ba zai kuskure ba. Anacleto ya saita, ya danna. Ƙyas! Shiru. Damisar ta motsa, karnuka suka haukace da haushi. Maganar Hilarión ta faɗo masa a rai sarai, amma ya ce a ransa shi ba mai gyara ne zai koya masa bindigar kakansa ba. Ya fizgi sakatar bindigar ya buɗe ta don ya sa wani harsashin.

Wayyo! A daidai lokacin albarushin ya farka. Harsashin ya fashe a buɗaɗɗiyar bindiga, wuta da ɓarɓashin tagulla suka watsu a hannunsa da fuskarsa. Damisar ta diro ta yi daji abinta.

A keken shanu Serafina ta kai shi asibiti. Yatsu uku suka tafi, idon dama ma bai dawo ba. Hilarión da ya zo dubiya bai ce masa na faɗa maka ba, amma Anacleto, yana naɗe da bandeji, sai da ya ɗaga kai.

"Ai dai ta tashi. Ku shaida, bindigata ba ta ƙi tashi ba."

Serafina ta dube shi, idonta jawur don kuka da takaici. "Ta tashi, maigida. Kana kwance a nan, ni ina kanka, gida babu kowa. Jiya damisar ta shiga shinge ta ɗauke maraƙar."

Anacleto ya juya fuskarsa bango.

Darasin a fili yake. Tsohuwar bindiga ba ta san darajar kakan kowa ba. Wanda ya gaje ta ya kai ta wurin masani a duba, ya sa mata sabon harsashi wanda aka yi daidai da ita, ya rabu da na tonowa komai ƙyallinsa. In ya danna ya ji shiru, ya jira. Jin shawara ba ya rage wa namiji komai, amma taurin kai ya raba Anacleto da yatsu da ido da abin da ya fita karewa.