Duwatsun Bakin Rami

Akwai wani mutum wai shi Balarabe, shugaban masu haƙar kuza a duwatsun Doguwa, wajen shekarar 1954. Mutum ne mai ji da kansa, in ya yi magana ya gama ke nan.

Masu haƙar nan suna da al'ada. Duk ramin da ƙasarsa ta fara zubowa, dattijonsu Baffa Isa sai ya ajiye duwatsu biyu a bakinsa: tama mai baƙin sheƙi, da wani dutse mai ɗaukar ido kamar gilashin da ya sha hayaƙi. Kowa ya gan su ya san ba a shiga.

Ran nan wani Bature mai tara duwatsu ya zo, ya ga na bakin wani rami, duk ya rikice da son su. Balarabe ya sunkuya ya kwashe masa.

Baffa ya ce, "Balarabe, alama ce fa. Irinsu sai an hau tsauni ake samu."

"Haba Baffa! Wa bai san ramin nan ba? Gobe ka nemo wasu."

Bature ya cire agogon hannunsa ya ba Balarabe.

To, kowa kam ya san ramin, ban da Dikko ƙanen Balarabe, wanda ya tafi girbin dawa Kafin Maiyaƙi tun kafin ƙasar ramin ta fara zubowa. Washegari da sassafe ya dawo, ya duba bakin rami babu dutse, ya ɗauki digarsa ya sauka.

Ramin ya rufta da shi. Sai bayan la'asar aka ciro gawarsa.

Wallahi Balarabe ko hawaye bai yi ba. Aka yi wanka, aka yi salla, aka binne, yana tsaye kamar icce. Masu ta'aziyya suna magana yana cewa "amin", bai san me suke faɗa ba. Ba baƙin ciki yake ji ba, ba ya jin komai ne.

Ran kwana uku mahaifiyarsu Inna ta kira shi ɗaki.

"Dikko ba ya tsallake alama. Wa ya ɗauke duwatsun?"

Agogon nan yana ta ƙas-ƙas a hannun Balarabe. Inna ta dubi agogon, ta dube shi, ta juya fuskarta bango. Har ta bar duniya ba ta sake tambayarsa ba.

Darasi: Abin da na gaba suka ajiye don kare rayuka, kada ka ɗauke shi don ka burge baƙo. "Ai kowa ya sani" ba hujja ba ce, wanda bai sani ba yana iya zama naka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu riƙe da shugabanci.