Geron da Ya Tsiro a Katangar Waziri

A zamanin da, 'ya'yan nan, an yi wani gari da damina ta cinye wa ganuwa, har kuraye na shigowa ta giɓi suna ɗaukar awaki. Sarki ya sa aka yi shela: kowane gida ya kawo tubali, harajin ganuwa ke nan. Ya danƙa aikin a hannun Waziri Gwadabe.

Shi kuwa Waziri, Allah wadan hali irin nasa, sai ya ƙara tasa dokar: wanda bai kawo ba, a rushe masa gini a kwashi ƙasar.

Akwai wata tsohuwa, Tabawa, ba miji ba ɗa, ba ƙarfin kwaɓa ƙasa. Dogarai suka zo suka tsaya kan rumbunta.

Ta ce, "'Ya'yana, ku bari in kwashe geron. Shi ne irina, shi ne tuwona."

"Iya, matsa. Waziri na jira."

Suka rushe shi da geron a ciki, suka labta wa jakuna ƙasar. Ku ji rashin imani! Ta share hawaye ta ce in dai ganuwa ce, ai kowa za ta tsare.

Ruwa ya sauka. Giɓi na nan ya hangame baki. Amma sabuwar katangar gidan Waziri ta yi kore shar, gero ya tsiro a jikinta, awaki na miƙewa tsaye suna ci.

Tabawa ta saɓa fartanya sai fada.

"Allah ya ba ka nasara, izini nake nema in nome gonata."

Sarki ya ce, "Wa ya hana ki, Iya?"

"A tsaye take, ranka ya daɗe, kuma da dogari a ƙofarta."

Sarki ya tashi da kansa ya je ya gani. Waziri ya faɗi ya ce: "Allah ya taimake ka, tsuntsaye ne suka zubar."

Tabawa ta ce, "Ƙwarai. Na gan su ranar da suka zo, da jakunansu."

Ran Sarki ya ɓaci. Ya tuɓe Waziri, ya ce a rushe katangar, Gwadabe ya ɗauki ƙasar a ka ya toshe giɓi, amma sai ya fara gina wa Tabawa rumbu ya cika shi da geron gidansa.

Ta zauna a inuwa tana kallon tsohon Waziri cikin laka har gwiwa.

"Tsince geron tukuna, Gwadabe," ta ce. "Gini aka sa ka, ba shuka ba."