Kurege a Ƙarƙashin Kwandon Iya Tabawa

Cikinku wa ya taɓa ganin kurege da ɗori a ƙafa huɗu? Babu ko? To ku gyara zama, na kusa da wuta ya tura itacen nan ciki.

Ga ta nan, ga ta nanku, ta fito daga bakin daji.

Ta zo mu ji ta, ga tabarma.

Wata tsohuwa ce ana ce mata Iya Tabawa, gidanta ne na ƙarshe kafin daji. Da can unguwa ce guda. Sai aka yi titi can nesa, maƙwabta suka kwashe suka koma bakinsa. 'Ya'yanta suka tafi birni, mijinta ya rasu. Ya rage daga ita sai turmi sai rumbun gyaɗa. In ta soya ƙuli-ƙuli, ita ke ci ita ke yabawa. In ta yi atishawa, ita ke amsa wa kanta.

A bayan dangarta kuwa akwai Kurege, shi ma shi kaɗai. Shekara biyu a jere masu neman gafiya suna cinna wa dajin wuta, danginsa suka watse. In ya miƙe a kan ƙafafun baya ya ɗaga wuya, irin tsayuwar nan tasu ta duba hanya, ba ya ganin komai sai toka. Ga bazara, ga yunwa, ga ƙamshin tuyar Iya yana bin iska har cikin raminsa.

Ran nan yana leƙe ta kafar danga, sai ya ga Iya ta tsinci kurciya mai rauni a fiffike. Ta kai ta ɗaki, ta ba ta gero, ta ba ta ruwa. Kwana goma kurciya ta warke ta tashi. Iya ta bi ta da kallo har ta ɓace, ta share ido da bakin zane. Kurege bai ga hawayen ba, geron ya gani. Ya ce, "Ashe ciwo ne mabuɗin gidan nan."

Washegari ya kwanta a hanyar rijiya, ya ɗaga ƙafar hagu sama yana nishi. "Wayyo ƙafata, wayyo ni maraya."

Iya ta sauke tulu. "Sannu ɗan nan, me ya same ka?"

"Tarko ne, Iya. Ko dutse. Zafi ya hana ni tunawa."

"Allah sarki. Taho angona, yau na yi miji."

Ta naɗe shi a zane ta kai gida. Ta zuba masa gyaɗa, ta zuba masa ƙuli-ƙuli. Ya ci, ya ci, ya ƙara ci. Yana ƙoshi ta ɗora ruwa a wuta. Ta gasa ƙafar da tsumma mai zafi, ta shafa man shanu, ta tsaga kara ta yi masa ɗori. Ta matse masa hanci ta ɗura masa jiƙon maɗaci. Sannan ta kife shi da kwando, ta ɗora dutse a kai, wai kada shaho ya gan shi.

Da safe ta kwance ɗorin ta ce ya taka ta gani. Kurege ya manta, ya ɗingisa da dama.

"Jiya ba hagu ba ce?"

"Ciwon ne ya yi ƙaura, Iya."

"To bari mu tare masa hanya." Ta ɗaure biyun. Washegari ya yi tuntuɓe da ta gaba, ta ɗaure. Kwana huɗu, ƙafa huɗu.

Ana nan, ana nan. Gyaɗa da safe, maɗaci da rana. Kurege ya yi tumbi, gashin wutsiyarsa ya fara zuba, faratansa na ƙaiƙayin tono babu ƙasar tonawa. Sararin sama sai ta 'yan kafofin kwando yake ganinsa, guntu-guntu. A rami aƙalla kaɗaicin nasa ne, in ya ishe shi ya fita da shi shan iska. A nan kuwa an ɗora masa dutse.

Rana ta ashirin ya ce, "Iya, na warke."

"Haka kurciya ta ce."

"Wallahi na warke. Gaskiya ma dai, Iya, dama can..."

"Dama can ƙafarka lafiya lau. Na haifi bakwai, kana ganin ban san kukan ƙarya ba?" Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta ba ta dube shi ba. "Wata tara ke nan ba wanda ya kira ni Iya. Kai ka kira. Ba inda za ka, angona."

Kurege ya zo damfara, ya tarar da mai gida ta riga shi. Ya juya dabara ta nan, ya juya ta can, duk ƙaryar da ya ɗauko sai ya ga ta yi wa tsohuwar nan kaɗan. Da ƙarya ta ƙare masa, dole ya gwada gaskiya.

"Iya, baƙi kike so? Ni baki ɗaya ne. In na cika miki bayan gida da baƙi, za ki ɗage kwandon?"

"Na gwada. Bara na tsinci ɗan gada kwance cikin ciyawa, ba uwa ba uba. Na kawo shi, na ba shi kunu, ya ƙi ci har ya mutu."

"Uwarsa ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo. Haka suke yi. Tana dawowa ta tarar ba shi."

Hannun Iya ya tsaya a kan gyaɗa. Can ta ce, "Bushiyar da na tsinta fa? Na ba ta nono mai kyau."

"Nono gudawa yake sa su. Ƙwari take ci, da tsutsa."

"Wato ni duk taimakon nan da nake yi..."

"Irin na mutane ne, Iya. Na daji ba ɗaki yake so ba. Ruwa yake so, da inuwa, da a ƙyale shi."

Ya tsara mata. Ta nemo kasko mai faɗi marar zurfi, ta kai gindin aduwar bayan danga, ta cika da ruwa. Ta sa dutse a tsakiya don ƙanana su samu matattaka kada su nutse. Ta bar tarin ganye da ƙirare a gefe ba shara. Sannan ta koma nesa ta zauna, ba magana.

"Ba magana? Ni?"

"Nan ne wahalar, amarya."

Ta ce kwana uku ta ba shi. Ta shimfiɗa tabarma, ta kife Kurege da kwando a gefenta. Ranar farko ba wanda ya zo. Rana ta biyu ƙudan zuma biyar suka sauka a kan dutsen, da wani ƙadangare.

"Su ne manyan baƙin naka?"

"'Yan aike ne, Iya. Ki sake ruwan, kada ya kwana."

Rana ta uku da sassafe Kurege ya manna ido a kafar kwando. Shiru. Hantsi ya fara ɗagawa, shiru. Sai ga tsuntsayen tsada, 'yan mitsi-mitsi, sun sauka suna tsalle. Sai ga fakara tana sanɗa. Sai zabin daji su shida, ɗaya na gadi sauran na sha. Kurege na raɗa mata sunan kowa da halinsa, wannan a ƙasa take ƙwai, wancan ba ya sha sai ya waiga sau uku. Da la'asar guza ya zo ya kori kowa, ya sha ya wuce. Dab da almuru ciyawa ta motsa, gada ta fito, ɗanta na biye da ita yana rawar ƙafa.

Iya ba ta ce uffan ba har suka sha suka koma. Sannan ta sauke dutsen, ta ɗage kwandon, ta kwance kara huɗu ɗaya bayan ɗaya.

"Tafi, kafin in sake shawara."

Ya zura da gudu, ya faɗa raminsa da ka. Kai ya shige, tumbi ya ƙi. Kwana biyu yana nan, rabi a ciki rabi a waje, zabi na wucewa suna yi wa wutsiyarsa sannu, har yunwa ta rage shi ya zame.

Yana samun kansa sai ga shi a kan danga. "Iya, na manta ban faɗa miki ba. Gada ba ta jin daɗin ruwa sai da ƙuli-ƙuli a gefe. Kamar mudu guda."

"Gadar da nake kallo safe da yamma? Ganye take ci, maƙaryacin banza." Ta jefa masa guda uku. "Ungo. Kullum uku, in ka zauna nan ka gaya min sunan wancan mai dogon baki."

"Cilakowa ce. Ni dai don ƙuli nake zuwa, ki sani."

"Ni ma don gada nake zuba ruwa."

Ya cinye ukun tun rana na tsaka, amma bai sauka daga dangar ba sai da ta naɗe tabarma.

Ƙurunƙus, kan ɗan kurege. Darasin kuwa babba ne: in za ka ci na tsohuwa, fara auna ƙofar raminka.

Ku kuma gobe da safe ku nemo tsohon kasko, ku zuba ruwa, ku sa dutse a ciki, ku kai inuwa. Ku ja da baya ku rufe baki, wanda duk ya zo sha ku tambayi wani dattijo sunansa.