Jakar da Mai Faci Ya Ruga da Ita

Akwai wani mai ɗaukar hoto a wata jarida, kowa a ofis Baba Kyamara yake ce masa. Lokacin da ya fara aiki su tara ne a sashen hoto, jarida na fita kullum da shafi arba'in. Yanzu shi kaɗai ya rage, jaridar ta koma shafi takwas, sau biyu a mako.

Wata Talata da safe edita ta kira shi ofishinta. 'Yar abokinsa ce marigayi, a gabansa ta girma.

Ta ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ƙarshen wata za mu rufe sashen hoto."

"Sashen hoto ai ni ne. Ki ce za ku rufe ni kawai."

Ba ta yi dariya ba. "Kowa yana da waya yanzu. Kafin ka goge gilashinka, mutum goma sun turo mana hoto."

Ya rataya kyamararsa ya fita.

Bai yi nisa ba ya tarar wata bas ta kife a mahaɗar titi. Ya yi abin da ya saba. Ya ɗauki hotuna bi da bi, ya tambayi sunaye, ya rubuta lambobin waya a ɗan littafinsa, bai tafi ba sai da aka kwashe mai rauni na ƙarshe.

Da ya koma ofis da rana, ya iske ma'aikata sun yi cincirindo a gaban kwamfuta. Wani ya turo hoton waya: mutum cikin shuɗiyar riga yana gudu daga wurin haɗarin, rungume da jakar mata. Edita ta riga ta sa a shafin jaridar na intanet, da kanun "Ɓarawo a wurin haɗari". Mutane na ta turawa. A ƙasa wani ya rubuta, "Na san shi, mai facin taya ne a mahaɗar. Mu je mu koya masa hankali."

Baba Kyamara ya matso ya duba hoton. Ya tuna rigar nan. Ya kunna kyamara, ya bi hotunansa ɗaya bayan ɗaya. Ga mai faci yana jawo jaka daga tagar bas. Ga shi yana gudu. Ga shi ya durƙusa gaban wata mata da ke zaune a bakin kwalta, ta dafe ƙirji. Ga shi ya zazzage jakar, ya sa mata abin shaƙar maganin asma a baki.

Ya ajiye kyamarar a gaban edita. "Wa kika tambaya kafin ki sa?"

Ta duba, fuskarta ta canza. "Baba, da na jira wasu za su riga mu."

Ya ɗauke kyamararsa ya ce, "Cire shi yanzu. Ni na tafi."

Kafin ya isa, mutane sun fi hamsin a rumfar mai faci. An kifar da injin iskarsa, an watsar da tayoyi a titi. Shi kuwa ya shige shagon maƙwabcinsa an ja ƙofa, matarsa ta tsaya a bakin ƙofar ta ware hannuwa, muryarta har ta dishe. Wani ƙaton direba ne a gaba, riƙe da ƙarfen cire taya.

Baba Kyamara ya kutsa har ya tsaya kusa da matar.

Direban ya ce, "Tsoho, matsa. Ba da kai muke ba."

"Ɗana, minti ɗaya nake roƙo. Ka duba wannan, in ba ka gamsu ba ni zan buɗe maka ƙofar."

Direban ya leƙa kyamarar a yatsine. Hoto na farko, na biyu, na uku. Daga baya wani ya ɗaga murya ya ce, "Hoto ai haɗa shi ake yi yanzu." Taron ya sake matsowa, wani dutse ya daki ƙofar.

Baba Kyamara ya zaro littafinsa, ya nemo lambar mijin matar nan mai asma, ya kira, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Sai a karo na uku aka ɗauka.

"Bawan Allah, ni ne mai hoton ɗazu. Jakar matarka tana ina?"

"Ga ta nan a gefen gadonta a asibiti, ko allura ba ta ɓata ba. Don Allah in ka ga mai shuɗiyar rigar nan ka gode masa. Likita ya ce ba don shi ba, da ba ta iso da rai ba."

Direban ya sauke ƙarfen a hankali. Na baya suka fara sulalewa, kowa na kallon ƙasa.

Ana cikin haka edita ta iso. Da aka buɗe ƙofa, mai faci ya fito jiƙe da gumi. Ta russuna ta ce, "Ni na sa hotonka. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon injinsa a ƙasa, sannan ya ce, "Ni zan iya yafewa, 'yar'uwa. 'Yata ce ta kira ni tana kuka, ƙawayenta sun nuna mata a makaranta. Ita za ki je ki yi wa bayani."

Ta je, da ƙafarta.

Ran Juma'a jaridar ta fito da hotuna huɗun a shafin farko, da ban haƙuri da manyan baƙaƙe. Edita ta janye maganar sallama, ta kafa doka: ba hoton da zai fita sai Baba ya bincika.

Amma hoton ƙarya mutum dubu arba'in ne suka tura, na gaskiya bai kai dubu biyu ba. Mai faci ya liƙa shafin a jikin rumfarsa, kuma har yau akwai masu motar da in sun gan shi sai su ja jakarsu kusa.

Darasi: Hoto ɗaya daƙiƙa ɗaya yake nunawa, ba ya faɗin abin da ya faru kafinta ko bayanta. Kafin ka tura, ka tambayi wanda ya ɗauka da wanda ya bincika, domin yatsanka na iya kashe marar laifi. Ku tura wannan ga 'yan'uwa, musamman masu saurin hannu a waya.